Rahamar da ke ɗaga kofaton goɗiya

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya ajiye 99 a wurinsa, ya saukar da ɗaya duniya. Da Shugaba (SAW) ya so nuna aikin wannan kashi ɗayan, sai ya buga misali da goɗiya, yadda take ɗaga kofatonta don kada ta taka ɗanta. Ke nan wanda ya tsaya a barga yana kallon haihuwar dukushi, karatu yake ɗauka.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, wajen kwana 340. Galibi cikin dare take haihuwa, bayan ƙafa ta ɗauke, lokacin da masu tahajjudi ke tsaye. Idan faya ta fashe, abin bai cika wuce minti 30 ba. Ƙafafun gaba ke fara fitowa, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci na kwance a kansu. In an wuce rabin awa ba a ga haka ba, a garzaya neman likitan dabbobi, domin tawakkali bai hana riƙon sababi.

Mai lura zai ga kofaton jaririn a lulluɓe da wani abu mai taushi kamar tsoka. Shi ke hana kofaton yaga mahaifar uwa. Da zarar ya fara taka ƙasa sai abin ya bushe ya goge, aikinsa ya ƙare. Subhanallah! Tun kafin uwa ta ɗaga ƙafa don kare ɗanta, an riga an kare ta daga ƙafar ɗan, kuma babu wanda ya roƙa a cikinsu.

Sai uwa ta juyo tana sunsunarsa tana lasa, da haka take gane nata. Shi kuma ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya kife, ƙafafun sun yi masa tsawo. Cikin awa guda ya miƙe, cikin awa biyu ya kama nono.

Nan ne rayuwarsa ta rataya. Dukushi yana zuwa duniya jininsa babu garkuwar cuta, don ba ta ratsa mahaifar goɗiya. Daga dakashi yake samunta, wato nonon farko mai kauri, kuma hanjinsa ba ya iya karɓarta sai a yinin farko. Bayan awa 24 ƙofa ta rufe. Wanda ya rasa dakashi, ko an cika shi da madara daga baya, ƙaramar cuta ta cibiya na iya kashe shi.

Sabon muridi ya dubi kansa a nan. Kwanakin farko bayan karɓar wuridi zuciya a buɗe take, abin da ta sha a zawiya wurin wazifa da zikirin Juma'a yana shiga jini. Wanda ya ce sai ya gama harkokinsa zai lizimci muƙaddami, yakan dawo ya tarar zuciyar ta yi tauri. Muƙaddamai kuma su duba masu kiwo: ba a ɗora wa dukushi sirdi sai ya shekara biyu zuwa uku, ƙashi ya yi ƙwari. Da ragama ake farawa, linzami sai daga baya.

Ƴan'uwa masu dawaki a Damagaram, Maraɗi da sauran garuruwa su sani akwai hakki a wuyansu. Dokin da ake yi wa ado ranar hawan Salla, a wannan dare aka fara shi. A share wurin haihuwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a wanke cibiya da magani, a hana yara yi musu taro. A duba ko mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. A ƙara wa uwa ruwa da harawa da dusa, kada a raba ta da ɗanta don kwaɗayin aiki ko ciniki, a bar shi ya sha nono kamar wata shida kafin yaye.

Allah ya sa mu cikin masu rabo a 99 ɗin da ya ajiye, albarkar Shugaba (SAW). Amin.