Karatun Jami'a: Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Nauyinsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo ya same ni bayan sallar la'asar, ya ce ɗansa ya ci jarrabawar Bak, yana son karatun likita. Dattijon ba shi da komai sai gonar gado ɗaya, ga iyali da yawa. Ya ce: "Malam, in sayar da gonar, ko in ce ya haƙura ya bi ni kasuwa?"

Ban ga laifin shakkarsa ba. Lisans kaɗai shekara 3 ne, karatun likita kuwa shekara 7 ko fiye. Ga kuɗin mota, ga hayar ɗaki, ga abinci. Kuɗin bursu kan yi jinkiri, yajin aiki kan ja shekarar karatu ta shiga cikin wata. Kuma kowa ya san matashin da ya dawo da takardarsa, yau yana tuƙa kabu-kabu. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, ba dole sai yaro ya je Yamai ba, amma kusanci bai ɗauke yunwa ba.

Sai dai mu duba hukuncin. Malamai sun raba ilimi gida biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla. Akwai kuma farilla ta kifaya: in wasu sun yi, ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari, duk an yi zunubi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya likitanci da lissafi cikin kashi na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Har ya yi kukan cewa a zamaninsa ana rububin fikihu, alhali garuruwa da dama ba su da likita Musulmi. Ashe ciwon ya daɗe! Mu ma muna gunaguni in likita namiji ya duba matanmu, amma wa ya bar ɗiyarsa ta wuce sakandare?

To, farillar da ke kan jama'a, don me za a ɗora ta a wuyan dattijo guda? Na ce masa kada ya sayar da gonar, domin ciyar da iyali wajibi ne a kansa shi kaɗai, kuma kada ya kusanci bashin ruwa. Na kuma ce kada ya hana yaron. Shi yaron na gaya masa: in albashi kawai yake hange, ya sake tunani, don jami'a ba ta yi wa kowa alkawarinsa ba.

Sauran magana tamu ce. Mun haɗa kuɗin lasifika da tabarmi cikin wata guda. Attajiranmu su sani, ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda ake ba zakka saboda talaucinsa. Kowane masallacin Juma'a zai iya riƙon ɗalibi ɗaya, ko da jaka goma ce a wata. Na roƙi kwamitin masallacinmu ya zauna kan batun wannan yaro kafin a koma karatu.

Allah ya ba mu ikon yi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.