Soyayyar da Ba Ta Kai ga Aure Ba, Asara Ce?

Shirin Koriya ta Kudu mai suna Twenty-Five Twenty-One, wanda tashar tvN ta nuna a 2022, ya ƙare ba da auren jarumansa Na Hee-do da Baek Yi-jin ba, kuma masu kallo da dama sun ji haushi. A ganina marubuciyar ta yi daidai. Labarin ya fara a 1998, lokacin da durƙushewar tattalin arziki ta sa makarantar Hee-do ta rushe ƙungiyar wasan takobin da take ciki, ta kuma talauta gidan su Yi-jin. Tun daga nan shirin yake nuna cewa zamani ya fi ƙarfin niyyar mutum, amma bai hana shi zaɓen yadda zai tsaya ba. Yi-jin ya ga darajar Hee-do tun ba ta yi suna ba, ita kuma ta dawo masa da dariya a lokacin da masu bin mahaifinsa bashi suka hana shi sakat.

Mai ja zai ce: to ina amfanin kashi 16 na shaƙuwa idan rabuwa ce ƙarshe? Wannan awo ne irin na ɗan kasuwa, wanda ba ya ganin riba sai a hannu. Abin da suka ba juna ya riga ya zama halinsu, kuma tafiyar Yi-jin New York aikin jarida bayan harin da aka kai birnin a 2001 ba ta ƙwace shi ba. Gaskiya ne an gaggauta rabuwar a kashin ƙarshe. Wannan laifin tsari ne. Hukuncin kansa bai karkace ba.