Rawanin Da Ya Ci Mai Shi

Ya mai karatu, ka taɓa ganin mutumin kirki ya lalace saboda rawani?

Wajen shekara ta 1606 wani Bature na Ingila, William Shakespeare, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan wani jarumi, Makbet. Barde ne na Sarki Dankan na ƙasar Sikotlan, mai aminci, sarki kuwa yana ƙaunarsa. Wata rana mayu uku suka tare shi a hanya, suka ce zai zama sarki. Ba su ba shi wuƙa ba. Magana kaɗai suka yi, amma ta tarar da abin da yake kwance a zuciyarsa tun dā. Matarsa ta zuga shi. Sa'ad da sarki ya sauka a gidansa, Makbet ya kashe shi yana barci. Baƙonsa fa!

Ya sami rawanin, barci kuwa ya ƙaurace masa. Ya sa aka kashe abokinsa Banko don tsoro, ya sa aka kashe matar wani basarake da ƴaƴanta. Matarsa ta zautu, tana yawo da dare tana wanke hannun da ba jini a kansa. Daga baya mijin matar nan da aka kashe ya sare kansa.

Za ka ce ai wasa ne. To, a 1899 wani hafsan Faransa, Vule, ya ratso ƙasar Hausa da sojoji, ya ƙone Birnin Ƙonni. Da aka aiko Kanar Kulob ya tsai da shi, sai ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa, ya ce wa sojojinsa zai kafa mulkin kansa. Bayan kwana 3 su ɗin suka harbe shi. Kabarinsa yana Maijirgi.

Kai fa, ɗan'uwa na Magariya ko Dungas? Ba ka da soja, na sani. Amma akwai sarautar mai gari, da shugabancin gandu bayan rasuwar tsoho, har da kujerar dattijo cikin ikilisiya. Ka taɓa jin daɗi a ɓoye da aka ɓata sunan wanka? Ka taɓa kai goro da dare gidan wani don a ture ɗan'uwanka? Makbet ma daga nan ya soma, gama ya kashe sarki cikin zuciyarsa kafin ya taɓa wuƙa.

Ubangiji Yesu Almasihu, da Shaiɗan ya nuna masa mulkokin duniya, ya ƙi. Ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ya mutu a kan gicciye saboda masu zuciya irin ta Makbet, irin tawa da taka.

Yau da dare ka tara iyalinka, ku karanta Yohanna sura 13. Idan akwai wanda ka yi wa ƙulli saboda kujera, ka hurta wa Ubangiji, gobe kuwa ka yi sammako zuwa ƙofar gidansa.