Wanda Kotu Ta Wanke

Akwai kalmomi uku da bakinmu ya saba cuɗawa, amma shari'a ba ta cuɗa su: sallama, wankewa da afuwa. Wanda aka sallama kawai, ana iya sake gurfanar da shi gobe. Wanda gwamna ya yi wa afuwa bisa sashe na 212 na tsarin mulkin 1999, an same shi da laifi, jinƙai ne ya rufe maganar. Wanda aka wanke kuwa, sashe na 36 ya hana a sake tuhumarsa a kan wannan laifin.

Ranar 28 ga Yuli, 2021, a Babbar Kotun Jihar Kaduna, Mai Shari'a Gideon Kurada ya sallami Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa Zeenat, ya kuma wanke su, domin masu ƙara ba su kawo hujjar da za ta sa a nemi su kare kansu ba. Tun Disamba 2015 suke tsare. Ko mene ne ra'ayinka game da mutumin, tsaya ka ƙirga: shekara biyar da wata bakwai. Alƙali na da ikon buɗe ƙofar kurkuku, amma ba shi da rumbun da zai ɗebo waɗannan shekaru ya mayar wa mai su.

A harkar yarjejeniya maganar ta sha bamban. Ka tsaya wa ɗan'uwanka ya karɓi kaya bashi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Igiya tana wuyanka ke nan. Ran da ya biya, ka fita. Haka kuma in mai kaya ya sauya sharuɗɗan a bayan idonka. A nan ba a tambayar ko kai mutumin kirki ne, ana duba ko nauyin ya sauka.

Abin da ke damuna shi ne mu, jama'a. Kotu ta wanke mutum, unguwa ta ƙi. Sai ka ji ana raɗa cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan halin Bilatus ne: sau uku ya shaida bai sami laifi ga Yesu ba, duk da haka ya miƙa shi, ya wanke hannunsa maimakon wanda ake tuhuma.

Baratarwar da muka samu gaban Allah ta fi kama da ta mai bashi. Hujja a kanmu ba ta yi ƙaranci ba. Wani ne ya tsaya mana, ya biya. Haka Bulus ya yi wa Unisimas, ya rubuta wa Filimon da hannunsa cewa a ɗora bashin a kansa, a karɓi bawan kamar ɗan'uwa.

To, ga ma'ajin ikkilisiyarku da aka zarga da taɓa baiko, kwamiti ya bincika, lissafi ya fito daidai. A gaban taro aka zarge shi, a ofis aka wanke shi. Ranar Lahadi mai zuwa, wa zai riƙe makullin akwatin?