'Yata, Kada Ki Yarda a Ce Miki Nono Ne Ya Daskare

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a tarbiyyar da muka tashi da ita uba ba ya kama sunan mama a gaban 'yarsa. Na san da haka. Amma yau, 'yata, zan tuɓe wannan kunyar a bakin ƙofa kamar takalmi in shigo, domin na ga abin da ta jawo mana a cikin gidana.

'Yar ƙanena ce, a hannuna ta girma, ni na aurar da ita. Tana da shekara 34, tana goyon ɗanta na uku, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu kamar ƙwallon dabino, ba zafi ba raɗaɗi. Uwar mijinta ta taɓa ta ce, "Nono ne ya daskare, ki riƙa gasawa da ruwan zafi." Ta yi ta gashi. Maƙwabciya ta kawo garin magani a ƙullin leda, a kwaɓa da man shanu a shafa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a bar likita ya taɓa. Wata tara ana haka. Ranar da ta zo gaishe ni na ga ta zauna a karkace, ta tallafe hannun hagu da gefen mayafi, a nan na matsa mata da tambaya. Likitan da muka je wurinsa ya dubi takarda, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baba, ina kuka tsaya?" Ba ta ga ranar da aka kai yaron nan makarantar allo ba.

Abu biyu ne suka rufe mana ido: wai yarinya ce, kuma mai haihuwa ce mai shayarwa. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, shi ya sa yake saurin yaudara. Haɗarin sankarar mama yana ƙaruwa da shekaru, kuma a Turai yawancin masu ita sun haura 50. A asibitocinmu kuwa da yawa daga masu zaman layi ba su daina al'ada ba, kuma irin da ke kama matasa ta fi saurin yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ita, 670,000 suka mutu. A Najeriya ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata.

Idan ba ki kai 40 ba, fara duba gidanku. Akwai ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki, kamar magini mai liƙe tsagar bango kafin damina. Wadda ta gaji masu lahani, haɗarinta na kamuwa a tsawon rayuwa yana iya kai kusan kashi 70 cikin 100, kuma ciwon kan zo da wuri. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Cikago da abokan aikinta na Ibadan sun wallafa a 2018 cewa cikin matan Najeriya masu wannan ciwo da suka gwada, sama da ɗaya cikin goma na ɗauke da wannan lahani. Ki kuma riƙe wannan da kyau: ta wajen uba ma ana gadonsa, daidai da ta wajen uwa. Mu kuwa ba ma faɗin abin da ya kashe mamaci. "Ta yi jinya," shi ke nan. Ki sami gwaggonki mai yawan shekaru ki zauna kusa da ita ki tambaya: wace ce aka yanke wa mama, tana da shekara nawa, wace ce cikinta ya kumbura ta rasu? Ciwon ƙwan haihuwa da na mama sukan bi jini ɗaya. Abin da kika ji, ki kai wa likita.

Maganar haihuwa ita ce ta fi ba ni mamaki. Haihuwa tana kare mace, amma ba nan take ba. Wani babban bincike da ya fito a ƙarshen 2018, wanda ya haɗa bayanan mata kusan 890,000, ya nuna cewa haɗarin yakan ɗan tashi bayan haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen shekara 5, kariyar kuma sai bayan shekara 20 da wani abu take bayyana. Tashin ba mai yawa ba ne, ba abin tsoron ciki ba ne. Amma kin ga ashe mai goyo ba a bayan katanga take ba, a daidai lokacin da kowane ƙullutu yake da uzuri a bakin mutane. Shayarwa kam alheri ce. Mujallar likitoci ta Lancet ta kawo a 2002 cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Ki cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata in kin sami iko, sai dai ragi daban, tsari daban.

Ke kuma da kika haura 40, lissafinki ya fara sauyawa. Kowane wata na al'ada sinadarin istirojin yana motsa naman mama, yawan watannin kuma yana taruwa. Shi ya sa wadda ta fara al'ada kafin 12, ko ta yi haihuwar fari bayan 30, ko ba ta taɓa haihuwa ba, ko al'adarta ta wuce 55 ba ta ɗauke ba, take da ɗan ƙarin haɗari. Ban faɗi wannan don a sami abin goranta wa wadda ta tsaya karatu ko wadda Allah bai ba haihuwa ba. Babu ko ɗaya a ciki da yake laifinta. Ƙwayar tazarar haihuwa tana ƙara kaɗan lokacin da ake shanta, ƙarin kuma yana gushewa cikin shekara 10 bayan an daina, don haka likita za ki tambaya, ba 'yan biki ba. Abin da ke hannunki shi ne jikinki. Ƙibar da kike tarawa yanzu, har da ta masu shan "sha ka fashe" don a ce miji na kula da su, ita za ta zama wurin da jiki ke ƙera istirojin bayan al'ada ta ɗauke. Ki yi tafiya, ki motsa. Giya kuma tana ƙara haɗarin ko kaɗan ce. Batun wai sa kuɗi ko waya a rigar mama na jawo ciwon kuwa, wannan zancen zaure ne.

Duk da wannan lissafi, kusan rabin masu ciwon ba su da ko ɗaya daga cikin dalilan nan sai kasancewarsu mata da shekarunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwana kaɗan bayan kin yi wankan tsarki, ki shafa da tafin yatsunki tun daga ƙashin wuya har hammata. Ƙullutu mai tauri, kan mama da ya lotsa ciki, jini na fita, fata ta koma kamar ɓawon lemo, duk na asibiti ne. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa. Yarinya hoton sikanin aka fi yi mata saboda naman mamanta na da kauri, wadda ta kai 40 kuma ta nemi mamogiram. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita don awo ba ta yaɗa ciwo.

In kina shayarwa, ƙullutun ya kai mako biyu bai narke ba, ki sa mayafinki. In maigida ya ce a bari sai an sayar da amfanin gona, ki kira wanki ko kawunki a ranar. Ni ba a kira ni ba. Da na tambaya daga baya, kuɗin hoton bai kai ko rabin na ragon sunan yaron ba.