Na'ura Ba Ta San Abin Da Ba Mu Rubuta Ba

A duwatsun Birnin Kudu, ba nisa da Kangire, akwai zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda masu binciken kayan tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Waɗanda suka yi zanen sun shuɗe, hirarsu da waƙoƙinsu sun bi su, abin da suka ɗora a jikin dutse kaɗai ya rage yana ba da shaidarsu. Wannan darasi ya kamata mu marubuta mu riƙe, yanzu da ake ta batun ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam.

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kada zakaran darar Turawa, Garry Kasparov. A 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. A watan Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito, yana amsa tambaya, yana tsara wasiƙa da labari. Jama'a suna ta fargabar ko na'ura za ta maye gurbin mutum. Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne, da bakin wa za ta yi magana?

Ita wannan na'ura ɗura mata miliyoyin shafuka ake yi, har ta gane kalmar da ta saba bin wata kalma, kuma galibin shafukan nan na Ingilishi ne. To, yadda manomin Kangire ke duba sama ya san ko ya yi binne ko ya jira ruwa, da yadda dattawan Gwaram ke sulhunta manomi da makiyayi, wane shafi ne ya ɗauke su? Gobe yaro zai tambaye ta ma'anar kunya ko mutunci, ba kuwa za ta yi shiru ba, za ta ba shi amsa da ma'aunin wasu mutane, shi kuma ya ɗauka gadonsa ne.

Wasu za su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ƙauracewarmu ba za ta cire waya daga hannun yaran ba. Saboda haka rubutu ya zama amana a wuyanmu: mu je wurin tsofaffi tun suna raye, mu rubuta abin da suka sani da Hausarsu, yadda suka faɗe shi. In muka yi sakaci, laifin ba na ƙarfe ba ne. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.