Gajiyar Mai Doki: Haƙƙin Jiki da Haƙƙin Dabba

Kiwon doki aiki ne da ba shi da ranar hutu. A Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, kan hanyar da ta taso daga Zinder ta bi ta Ɗan Barto ta nufi Daura da Kano, doki har yanzu abin martaba ne, gadon zamanin da sarakunan Damagaram suka dogara da mahaya a ƙarni na 19. Sai dai hawan salla na ƴan kwanaki ne a shekara. Sauran kwanakin duk ɗawainiya ce: sharar turke, yankan ciyawa, jiƙa dusa da kanwa, cire kaska, duba kofato, fita kilisa da yamma. A zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, doki ɗaya kan sha ruwa lita 30 ko fiye a yini, kuma a lokacin ne harawa ke tsada. Damina na kawo ciyawa, amma tana zuwa da noma da zazzaɓin cizon sauro a tare, ta yadda mai doki kan kwanta ciwo daidai ranakun da gona da turke suka fi bukatarsa.

Daga nan tambayar addini ke tasowa. Mutumin da hawan jini ko ciwon suga ya rage wa ƙarfi, ga neman abincin iyali, ga dabba ɗaure tana jiran hannunsa, wane haƙƙi ne zai gabatar, wanne kuma aka yafe masa?

Musulunci ya ɗauki jiki a matsayin amana mai haƙƙinta. Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya hana Abu Darda wahalar da kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da rabo a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. A kan haka aka yi wa majinyaci rangwame: ya yi salla a zaune, ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi, ya sha azumi ya rama bayan ya warke.

Abin lura shi ne rangwamen bai kai ga turke ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar da arewacin Najeriya, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar ba ta da makiyaya. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14 da ake karanta littafinsa a zaurukan malamai, ya nuna cewa wanda ya gaza ciyarwa, sai a sayar da dabbar. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta shi ne gargaɗin da aka fi kawowa. Dalilin bambancin a fili yake. Allah mawadaci ne, sallar da aka yi a zaune ba ta rage masa komai. Doki kuwa ba ya iya kwance dabaibayinsa ya tafi rijiya, kuma ƙishirwarsa ba ta jira ubangidansa ya samu sauƙi. Saboda haka haƙƙin dabba ba ya faɗuwa, sai dai ya koma wuyan wani.

Al'ada ce ke wahalar da wannan sauyin. Bahaushe, in aka ce masa ina gajiya, amsarsa ita ce ba gajiya, ko da ƙafafunsa na rawa. Sayar da dokin gado kuma a idon jama'a tamkar shelar karayar gida ce. Wasu sukan fake da hadisin da ya ce gajiya da ciwo suna kankare wa mumini zunubi, alhali hadisin yana maganar abin da ya sami mutum ne ba da zaɓinsa ba. Bai zama hujjar ƙin zuwa asibiti ba, ballantana ta ɗaukar nauyin da ake iya saukewa.

Wani hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa doki gida uku: na lada, na rufin asiri, da wanda ke zama zunubi ga mai shi domin alfahari ya ɗaure shi. Da wannan ma'auni majinyaci zai auna turkensa. In dokin na taimakonsa wajen sana'a ko hidimar fada, sai ya raba aikin da ƴaƴa da ƙanne, ko ya ɗauki yaro da lada, ko ya kai shi riƙo wurin ɗan'uwa har jiki ya dawo. Yanka ba mafita ba ce, tunda mashhurin zancen Malikiyya bai halatta naman doki ba. In duk waɗannan sun gagara, kuma abin da ya rage kawai shi ne kada a ce wane ya sayar da dokinsa, to hukuncin fiƙihu shi ne a sayar.